Gwanda A Dasa Gwanda Tun Kafin Hunturu

 Hunturu ya naɗe tabarmarsa, an ninke rigunan sanyi an mayar akwati, yanzu kowa inuwa yake nema. Wani zai ce, to me ya kawo zancen sanyi a tsakiyar bazara? Dalili shi ne, gwandar da za ta tsallake hunturu mai zuwa, a wannan wata na Afrilu ake fara renonta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma sai da muka yi asara muka gane haka. Bara waccan, a watan Oktoba, muka sayo gwanda a kasuwar Yankaba. Zaƙinta ya sa mu da ƙannenmu biyu muka ajiye ƙwayoyin cikinta, muka shuka a ledojin fiya-wata. Sun tsira da kyau. A tsakiyar Nuwamba muka dasa guda goma sha biyu a tsakar gidanmu da ke Dakata. Da iska ta fara kaɗawa sai ganyen ya fara yin rawaya yana lanƙwashewa. Muka ɗauka ƙishirwa ce, muka dinga kwarara musu ruwa safe da yamma. Kafin Janairu ya ƙare ba ko ɗaya a tsaye. Kakarmu kuwa ta samu abin tsokana. Kullum muka je gaishe ta sai ta ce, "Manoman takarda, ina gwandar tawa?"

Wani dattijo mai lambu a unguwarmu ne ya tumɓuke ɗaya ya nuna mana saiwar. Ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari. Muka ce, "Baba, sanyi ne ya kashe su?" Ya ce, "Samari, sanyi ya kayar, ku kuka danne." Kurakuranmu uku ne: mun dasa a makare, mun dasa a bakin iska, sannan mun cika ruwa.

Gwanda 'yar ƙasar zafi ce. Asalinta kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya, kuma jiragen ruwan Sifaniyawa da na mutanen Fotugal ne suka fara yaɗa ta a duniya a ƙarni na 16. Yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma ta, Najeriya kuma tana cikin manyan masu nomanta. Ta fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 21 da 33 a ma'aunin Salshiyos. Da ya sauka ƙasa da 15 sai girmanta ya ja baya, saiwarta ta rage shan ruwa, fure ya fara zuba. A Kano kuwa, a Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sauka zuwa wajen digiri 13, wani lokaci har ƙasa da haka. Ba ma samun ƙanƙarar da ke kashe gwanda a dare ɗaya a ƙasashen Turai, amma muna da busasshiyar iska mai ƙura da ke zuƙe ruwan ganye. Babbar bishiya tana jurewa. Dashe ɗan wata ɗaya ba ya iyawa.

Kafin mu wuce, ga wani gargaɗi ga masu bincike a waya. Idan kuka rubuta "pawpaw" a intanet, za ku ci karo da bayanin wata bishiya da ake cewa tana son sanyi, har ana ajiye irinta a firji wajen wata uku kafin ya tsira. Wannan ba gwandarmu ba ce, suna ne kawai ya zo ɗaya a Turanci. Tamu a kimiyyance Carica papaya ce, waccan kuwa Asimina triloba. Tana fitowa a gabashin Amurka har zuwa kudancin Ontariyo a Kanada, tana kaɗe ganyenta ta yi barci a cikin dusar ƙanƙara, kuma Jami'ar Jihar Kentaki ta daɗe tana bincike a kanta. Danginta na kusa a wajenmu shi ne gwandar daji, wadda 'yan ƙauye suka sani sarai. Duk wanda ya bi waccan shawara ya saka irin gwandarmu a firji wata uku, ya ɓata lokacinsa.

To yaya ake yi? A fara da zaɓen iri. Gwanda kala uku ce: namiji, mace, da mata-maza. Namiji fure kawai yake yi. Mace tana bayar da 'ya'ya masu zagaye, amma sai da namiji ko mata-maza a kusa. Mata-maza ita ke bayar da dogayen 'ya'yan nan, kuma tana iya wadatar da kanta. Saboda haka a nemi doguwar gwanda nunanniya mai zaƙi, domin galibin abin da zai fito daga irinta mata-maza ne da mace. A ɗebi baƙaƙen ƙwayoyin, a murza su da toka ko a cikin tsumma har yauƙin da ya lulluɓe su ya fita, don yauƙin nan yana jinkirta tsiro. A wanke, a shanya a inuwa kwana biyu ko uku.

A samu ledojin fiya-wata, a huda ƙasansu, a cika da ƙasa mai yashi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki. A saka ƙwaya biyu ko uku a kowace leda, zurfin bai wuce gaɓar yatsa ba. A ajiye a inuwa mai haske, don ranar Afrilu tana ƙona tsiro. Cikin mako biyu zuwa uku za su fito. Hutun zango na biyu ya isa a yi duk wannan. Bayan mako shida zuwa takwas, idan tsiron ya kai tsawon tafin hannu ko ya ɗan fi, ya isa dashe. Wato daidai lokacin da damina ke zama, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Dashen da aka yi a lokacin zai samu wata biyar yana girma kafin hunturu, ya yi kauri, saiwarsa ta kama ƙasa.

Wurin dashe shi ne rabin aikin. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, rana kuma a Disamba ta kudu take karkata. Don haka a nemi gefen katanga da ke fuskantar kudu. Katangar za ta tare iska, ta sha rana da yini, ta saki ɗuminta da dare. A bar tazarar kamar mita ɗaya da rabi daga jikin katangar, sannan mita biyu zuwa uku tsakanin bishiya da bishiya. A haƙa rami santimita 50 a faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki, a mayar har ya yi ɗan tudu. Tudun nan yana da muhimmanci, saboda ruwan Agusta idan ya kwanta a gindin gwanda kwana ɗaya ko biyu yana iya kashe ta. A yage ledar a hankali kada ƙasar ta warware, domin saiwar gwanda ba ta son taɓi. Kuma a kewaye ta da kara ko ƙaya, don akuyar maƙwabta ba ta san wahalar da kuka sha ba.

Tun da ba a gane jinsin gwanda sai ta yi fure, a dasa uku a wuri ɗaya, da ɗan tazara a tsakaninsu. Bayan wata huɗu zuwa shida za su nuna kansu. Furen namiji ƙanana ne masu yawa a kan dogon sili da ke reto. Na mace babba ne, yana manne da jikin bishiyar. Na mata-maza shi ma yana kusa da jiki, amma ya fi tsawo da siranta. A bar mafi ƙarfi mai bayar da 'ya'ya, a sare sauran. Idan mata kawai aka samu, namiji ɗaya ya ishi mata goma.

Idan hunturu ya shigo, abu huɗu za a kula da su. Na farko, a kafa zana ko dannin kara ta ɓangaren da iska ke bugowa. Na biyu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayin shinkafa a kewayen gindin, amma a bar ɗan fili kada ya taɓa jikin bishiyar. Wannan yana riƙe danshi da ɗumin ƙasa. Na uku, ban-ruwa da hantsi, bayan rana ta ɗaga, ba da dare ba. Kafin a zuba, a tura yatsa cikin ƙasa; in da danshi, a bari sai gobe. Na huɗu, sau ɗaya a mako a yayyafa ruwa a wanke ƙurar da ta rufe ganyen, domin ganye mai ƙura ba ya samun hasken da zai haɗa abinci. Wanda ya makara yana da ƙaramin dashe, ya kafa sanduna ya rufa masa buhu ko tsohon gidan sauro da magariba, ya yaye da safe. Kada a tula takin zamani a tsakiyar sanyi, a jira zafi ya fara dawowa. A riƙa leƙa ƙarƙashin ganye kuma, akwai wasu fararen ƙwari masu kama da auduga da ke tsotse gwanda. Da an gan su a wanke da ruwan sabulu kaɗan ko ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya, ganyen da ya lalace a cire a binne.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi shafar mu mazauna kusa da masana'antu. Mun san yadda ruwa ke wuya da rani, har sai an sayi jarka wajen 'yan garuwa. Yaro yana ganin kwata tana gudu a bayan layi, sai ya ce ga ruwan banza. To a yi hattara. Ruwan da ke fitowa daga yankin Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, na Sharada yana bin rafin Salanta, na Challawa kuma yana gangarawa kogin Challawa. Kano gari ne na jima, kuma ruwan jima na zamani yana ɗauke da gishiri mai yawa da sinadarin kuromiyom. Masana a Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in sun sha auna ruwan waɗannan rafuka da kayan lambun da ake nomawa a gefensu, suna samun ƙarafa masu cutarwa a ciki. Gishiri yana ƙona gwanda, ƙarafan kuwa suna zama a ƙasar gida shekara da shekaru, inda ƙananan yara ke wasa, inda gobe za a shuka alayyahu. Ruwa mai launi, ko mai kumfa, ko mai wari, kada ya shiga lambunku ko da kyauta ne.

Mafita tana cikin gida. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na kayan miya, duk gwanda tana so. Gidan da ke da mutum takwas, in kowa ya yi alwalarsa a kan roba aka tara, ya ishi bishiya biyu. Ruwan wanki mai omo ko bilic shi ne ba a so. Wanda tsakar gidansu siminti ne zai iya amfani da rabin duro da aka huhhuda ƙasansa, amma ya tabbatar ba duron da aka zuba sinadarin kamfani ba ne. Wanda kuma gidansu ke kan tsohon juji, ya samo ƙasa mai kyau daga wani wuri ya cika ramin.

Bara mun bi wannan tsari. Mun shuka a Afrilu, muka dasa a ƙarshen Yuni a jikin katangar da ke kallon kudu. A Oktoba suka yi fure, muka bar biyu. Da sanyi ya tsananta sun zubar da ganyen ƙasa da wasu furanni, girmansu ya tsaya cak kusan wata biyu, har ƙaninmu ya fara cewa tarihi zai maimaita kansa. Amma da zafi ya dawo suka farfaɗo. Makon jiya muka tsinki ta farko da ta fara yin rawaya a jiki, muka ajiye ta kwana uku ta ƙarasa nuna, muka kai wa kakarmu. Ta ci, ta ce zaƙin bai kai na zamaninsu ba, sannan ta sa aka ɓoye mata sauran.

Ga aikin gida. Masu darasin Kimiyyar Noma, musamman 'yan aji biyar da shida da ke tunkarar WAEC da NECO, ku sami ƙaramin littafi ku rubuta ranar shuka, ranar tsiro, ranar dashe da ranar fure, ku riƙa auna tsawon bishiyar duk ranar Asabar. Idan Disamba ya zo, ku roƙi malaminku ma'aunin zafi na ɗakin gwaje-gwaje, ku auna sanyin safiya a jikin katangar kudu da kuma a tsakiyar filin makaranta, ku kwatanta. Makarantar da ke son ingantaccen iri ko ƙarin bayani, malamai za su iya tuntuɓar reshen Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, wato NIHORT, da ke Bagauda a nan jihar Kano.

Duk wanda ya gwada, ya rubuto mana ta hannun editan wannan shafi, ya faɗi sunan makarantarsu da abin da ya gani, ko nasara ko akasinta, za mu kawo wasu a nan. Yau dai a fara tara ledojin fiya-wata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.