Sarkin Daji

A ƙasar Rasha an yi wani gwanin zane, sunansa Iban Shishkin. An haife shi a 1832, ya rasu a 1898. Don gwanintarsa ta zana itatuwa har ana ce masa Sarkin Daji.

Ba da ka yake zane ba. Lokacin zafi yakan shiga daji da fensir, ya zauna ya dubi ɓawo da ganye da inuwa, ya kwafa. In sanyi ya kama, sai ya koma ɗaki ya yi babban hoton da fenti.

Haka ya kamata. Yaron da ya zana kuka ta fito kamar tsamiya, ba laifin hannunsa ba ne, bai duba ba ne. To, ku dubi itace tukuna, kana ku ɗauki fensir.