Ɗage Ƙafar Rizista Ɗaya Ba Ɓarna Ba Ce

Wani mai tara tsofaffin injinan wasan finbol ya rubuta cewa duk wanda ya taɓa wayar injin don ya sa ƙwan walƙiya na LED ya ci amanar tarihi. A cewarsa, in dai dole ne, a canza ƙwai kawai, a bar waya yadda ta fito daga masana'anta.

Shin ya taɓa buɗe injin High Speed ko na Pin-Bot, waɗanda kamfanin Williams na Shikago ya fitar a 1986? Injiniyoyin kamfanin sun sa rizista mai om 330 da ke barin 'yar wuta tana ratsa ƙwan walƙiya koyaushe, don zarensa ya kasance da ɗumi, ya haska nan take, ya kuma daɗe. Tsohon ƙwai mai lamba 89 ba ya nuna wannan wutar. LED kuwa ba shi da zare, wuta kaɗan ta ishe shi, sai ya yi ta ci ba ƙaƙƙautawa. To, ina walƙiyar da ake son karewa?

Maganin ba sassare waya ba ne. Ƙafar rizistar ɗaya ake ɗagewa, kuma ɗigon dalma ya isa ya mayar da ita.

Zafin tsofaffin ƙwayayen fa, da ke lanƙwasa robobin ado waɗanda samunsu ke wuya yanzu? Wannan ba ɓarna ba ce?

Mai tara injinan yana da gaskiya a wuri ɗaya: hasken wasu LED yana kashe ido. Wannan matsalar zaɓen ƙwai ce, ba ta waya ba.