Kafin a Kori Koci, a Buɗe Littafin Cefane

Duk ranar da Kano Pillars ta sha kashi, kafin 'yan kallo su gama fitowa daga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata an riga an yanke hukunci, kuma kullum hukuncin ɗaya ne: a kori koci. Daga Yakasai zuwa Mandawari, daga teburin mai shayi zuwa rumfunan Kurmi, majalisa takan rabu gida biyu. Wasu su ce an kashe masa kuɗi, an cefano masa 'yan wasa, ya kasa, ya kama gabansa. Wasu su ce a yi masa uzuri, kakar wasa ba ta yi nisa ba. Akan kai dare ana wannan ja-in-ja, kowa da hujjarsa.

Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun tsallake tambayar farko. Kafin a ce mai horarwa ya ɓarnatar da kuɗin cefane, sai an san nawa ne kuɗin, wa ya fitar da su, wa ya zaɓi 'yan wasan, wa ya sa hannu a takardar. Ka jefa wannan tambaya a kowace majalisa ta cikin birni, za ka ga an yi tsit. Mutumin da zai lissafa maka abin da Manchester United ta kashe a kan kowane ɗan wasa tun bayan tafiyar Alex Ferguson a 2013, ba zai iya faɗa maka abin da ƙungiyar garinsu ta biya a kan mai tsaron ragarta ba. Kuma ba laifinsa ba ne, domin ba a taɓa saba masa da ganin lissafin ba.

Wa ke riƙe da lalitar?

Muhawarar da muke yi a kan koci mun aro ta ne daga gidajen kallon ƙwallo. Shekara da shekaru muna kallon gasar Firimiyar Ingila, muna jin yadda ake ɗora wa mai horarwa alhakin miliyoyin fam ɗin da aka kashe, sai muka ɗauko wannan ma'auni muka kawo Ƙofar Mata. To amma ko a Ingila ɗin, manyan ƙungiyoyi da dama sun ɗauke cefane daga hannun koci shi kaɗai, sun miƙa wa daraktan wasanni da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Sannan dokar ƙasarsu ta tilasta wa kamfanoni, har da ƙungiyoyin ƙwallo, su gabatar da lissafinsu na shekara inda kowa zai iya dubawa. Wanda ya zagi koci a can, yana da alƙaluman da zai kafa hujja da su.

A nan kuwa Pillars ƙungiyar gwamnatin jihar Kano ce. An kafa ta a 1990 bayan haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Gwamna ne ke naɗa hukumar gudanarwarta, daga baitulmalin jiha kuɗinta ke fitowa, kuma idan gwamnati ta sauya, shugabancinta ma yakan sauya. Koci ma'aikaci ne da wannan hukuma ta ɗauka. Yana iya cewa yana son wane da wane, amma ba shi ke sakin kuɗi ba, ba shi ke sanin ranar da za a sake su ba, ba shi ke zama da dillalin ɗan wasa a tsayar da farashi ba. Idan kuɗi suka makara har ƙwararrun 'yan wasa suka kama wasu ƙungiyoyin, da abin da ya rage a kasuwa zai yi aiki. Ranar da sakamako ya ɓaci kuma, shi kaɗai ne fuskar da 'yan kallo ke gani a bakin fili.

A watan Yulin 2025 gwamnatin jiha ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar alhali yana cikin 'yan wasanta. Babu mai musun ƙaunar da yake yi wa Pillars, ko abin da ya yi wa ƙwallon ƙasar nan. Amma a dubi tsarin kansa. Mai horarwa zai tsaya a filin atisaye ya ba da umarni ga mutumin da a ofis shi ne shugabansa. A irin wannan zama, wa ya isa ya ce koci ne ke da wuƙa da nama a kan wanda za a saya da wanda za a ajiye a benci?

Me korar ta haifar?

Masu cewa a kora suna magana kamar ba a taɓa gwada maganinsu ba. An gwada, har an maimaita. Daga 2020 zuwa ƙarshen 2025, kujerar horar da Pillars ta ga Bafaranshe Lionel Soccoia, ta ga Ibrahim Musa, ta ga Salisu Yusuf, ta ga Evans Ogenyi, ta ga Abdu Maikaba, ta ga Usman Abdallah, Ogenyi ya sake dawowa, sannan aka koma wa Mohammed Babaganaru. A cikin waɗannan mutane babu ɗan koyo. Ibrahim Musa ne ya ci wa Pillars kofin ƙalubale a 2019, ranar da ta doke Niger Tornadoes da bugun fenareti a Kaduna. Maikaba ya ci irin wannan kofi da Akwa United a 2017. Usman Abdallah ya lashe gasar Firimiyar Najeriya da Enyimba a 2019. Ogenyi ne ya dawo da ƙungiyar babbar gasa a 2023, amma bai tsira daga dakatarwa ba a watan Oktoban 2025.

Idan mutum ya sauya direba har sau bakwai, kuma duk direbobin sun taɓa kai wasu motocin gida lafiya, tasa kuma tana ci gaba da mutuwa a hanya, ai lokaci ya yi da zai buɗe gaban motar ya duba inji.

Kuma kowace kora tana da nata tsadar. Sabon koci yakan zo da nasa tsarin da 'yan wasan da ya amince da su. Waɗanda na baya ya kawo sai a sallame su ko su dawwama a benci suna karɓar albashi. Da yake galibin kwantiragi a gasarmu gajeru ne, wanda ya nuna bajinta yakan tafi da zarar wa'adinsa ya cika ba tare da ƙungiya ta sami ko sisi ba. Ashe ke nan korar da ake yi da sunan hukunta ɓarna, ita kanta babbar ƙofar ɓarna ce.

A tuna shekarun da Sai Masu Gida ke tashe. Kadiri Ikhana ya kawo kofin gasa a 2008. A 2009 ƙungiyar ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tsayar da ita. Babaganaru ya ci gasa a 2012 da 2013, Okey Emordi ya ci a 2014. Wani zai ce ai ga shi nan, a lokacin ma ana sauya koci. Gaskiya ne. Sai dai abin da ba a sauya ba shi ne ƙashin bayan ƙungiyar. Irin su Rabi'u Ali da Gambo Mohammed suna nan kaka bayan kaka, sabon koci ya tarar da ginin a tsaye. Shi ya sa aka shafe shekara 12 ba a doke Pillars a gida a wasan gasa ba, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015.

Makin da muka zubar da hannunmu

Akwai kuma wani lissafi da majalisa ba ta son a taɓo, domin ya shafe mu kai tsaye. A watan Afrilun 2022, a wasa da Katsina United a Ƙofar Mata, rikici ya ɓarke, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 9, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. A wannan kaka aka zaftare mata maki, a ƙarshenta kuma ta faɗa rukunin 'yan dagaji. A watan Oktoban 2025 aka maimaita: Shooting Stars ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe, aka tashi ɗaya da ɗaya, wasu suka kutsa cikin fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Sakamakon shi ne zaftare maki 3 da ƙwallo 3, da tarar naira miliyan 9.5, da mayar da wasannin gida Katsina.

Wane koci ne ya jefi mota? Wane ɗan wasan da aka cefano da tsada ne ya haura shinge ya kai wa alƙali duka? Ƙungiyar da ƙarfinta ke gidanta, aka raba ta da gidan. Kuɗin mota, kuɗin masauki, kuɗin ƙofa da aka rasa, duk suna kan wuyanta. Bayan 'yan kwanaki kaɗan da wannan hukunci aka dakatar da masu horarwa saboda rashin sakamako. Wannan shi ne barin jaki a daki taiki.

Na san mafi yawan magoya baya ba su da hannu a wannan aika-aika. Dattawan da suka fara bin ƙungiyar tun tana sabuwa, da samarin da ke tara kuɗin tikiti daga ɗinki da rini da dako, su ne suka fi kowa cutuwa. Amma shirun da muke yi wa 'yan tsirarun da muka san unguwanninsu, muka san iyayensu, ya fi kowane kuskuren sauya ɗan wasa yi wa ƙungiyar illa.

Ba wanke kowa nake yi ba

Masu zargin koci suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Akwai koci marar dabara. Akwai wanda ke fifita yaronsa a kan wanda ya fi shi iyawa. Zargin hulɗa tsakanin masu horarwa da dillalan 'yan wasa ma ba daga sama ya faɗo ba. A 2018 binciken ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ya nuna Salisu Yusuf, wanda a lokacin yake cikin masu horar da Super Eagles, yana karɓar kuɗi daga masu shigar burtu a matsayin dillalai. Ya ce kyauta ce ba cin hanci ba, amma hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da shi na shekara guda.

Sai dai wannan misali ƙarfafa maganata yake yi. Abin da ya sa aka iya yanke hukunci a can shi ne akwai shaida a fili. Inda babu takarda, koci mai gaskiya da marar gaskiya duk tafiyarsu ɗaya: a dakatar, a sallama, a kawo wani. Mai gaskiya ya tafi da tabo, marar gaskiya ya tafi da abin da ya samu, wanda ya sa hannu a takardar kuma yana nan a kujerarsa.

A dubi Remo Stars ta Ikenne, ƙungiyar ɗan kasuwa Kunle Soname. Ta ba Daniel Ogunmodede ragama, ya zo na biyu kaka biyu a jere, ba a kore shi ba. A 2025 ya kawo mata kofin gasa na farko a tarihinta. Garin Ikenne bai kai rabin rabin Kano ba a yawan jama'a ko 'yan kallo. Abin da suke da shi shi ne mai gida guda da aka sani, da makarantar renon yara, da haƙurin barin shuka ta yi saiwa.

Abin da ya kamata majalisa ta nema

Kuɗin Pillars kuɗin jama'ar Kano ne. Mai sayar da goro a Kurmi da marinin Ƙofar Mata suna da haƙƙi a kansu ko da ba su taɓa shiga filin wasa ba. Saboda haka buƙatun ba su da wahala.

Na farko, a ƙarshen kowace kaka hukumar ƙungiya ta fitar da lissafi: abin da gwamnati ta bayar, abin da aka samu a ƙofa da wajen masu talla, abin da aka kashe a kan kowane ɗan wasa da dillalinsa. Na biyu, a faɗi abin da ke shigowa idan an sayar. Junior Lokosa ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2018 da ƙwallo 19, daga nan ya tafi Esperance ta Tunisiya. Ahmed Musa ya bar Kano a 2010 zuwa VVV-Venlo ta Holan, daga baya ya kai CSKA Moscow da Leicester. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Magoya baya sun cancanci a nuna musu shafin da ake rubuta irin wannan kuɗi. Na uku, a rubuta a fili wa ke da hurumin zaɓen ɗan wasa. Idan koci ne, a ba shi hurumin duka, a kuma tuhume shi duka. Idan wani ne, a faɗi sunansa. Na huɗu, a ba koci kwantiragin da ya wuce kaka ɗaya, da burin da aka amince da shi tun farko, a auna shi a kan wannan burin.

Majalisar dokokin jiha tana da kwamitin wasanni, kuma tana da ikon kiran duk wanda ke kashe kuɗin gwamnati ya yi bayani. Gidajen rediyon Kano suna da shirye-shiryen wasanni da dubban mutane ke saurare. Ƙungiyar magoya baya tana da muryar da ake jin tsoronta. Duk wannan ƙarfi a kan mutum ɗaya muke sauke shi, wanda ya fi kowa sauƙin kora.

Wata rana za a sake yin rashin nasara a Ƙofar Mata, kuma za a sake cewa a kori koci. Mai yiwuwa ma ya cancanci korar. Amma duk wanda ya ɗaga murya a ranar, ya haɗa da tambayar da ta fi wannan nauyi: nawa aka kashe, kuma wa ya sa hannu? Idan an kawo amsa a rubuce, sai a zauna a yi wa koci hisabi.