Filayen Golf Masu Raba Kan 'Yan Wasa: Wane Ƙorafi Ya Cancanci A Saurara?

A watan Yunin 2015, lokacin da aka buga gasar US Open a filin Chambers Bay da ke jihar Washington a Amurka, maganar filin ta kusa danne labarin gasar kanta. Henrik Stenson ɗan ƙasar Sweden ya ce gangara ƙwallo a kan ciyawar da ke kewaye da ramukan tamkar gangara ta ne a kan burokoli, wani kayan lambu mai gudaji-gudaji. Da aka kai wa Rory McIlroy maganar, sai ya ce ai ciyawar ba ta kai burokoli kore ba, ta fi kama da farin kabeji. Gary Player na Afirka ta Kudu, dattijon da ya ci manyan kofuna tara, shi kuma ya fito a talabijin ya yi wa filin kaca-kaca.

Duk da haka, a wannan fili ne aka ga ɗaya daga cikin ƙarshen gasa mafi ɗaukar hankali a shekarun nan. Dustin Johnson ya iso rami na ƙarshe yana da damar ɗaukar kofi idan ya zura ƙwallo daga tazarar ƙafa 12, amma sai da ya yi bugu uku kafin ta shiga, kofi ya tafi hannun Jordan Spieth mai shekara 21. Har yau akwai masu cewa Chambers Bay fili ne mai ban sha'awa da aka yi wa mummunar fahimta, akwai kuma masu cewa bai kamata tun farko a kai babbar gasa can ba.

Irin wannan saɓani ba baƙon abu ba ne a wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, kuma dalilinsa yana cikin yanayin wasan. Filin ƙwallon ƙafa yana da ma'aunin da doka ta tsara, ko a Kano ko a Madrid. Shi kuwa filin golf, abin da aka daidaita kusan shi ne faɗin rami, inci huɗu da kwata, da kuma al'adar yin ramuka 18. Sauran abubuwa, wato tsawon hanya, tudu da kwari, tafki, ramukan yashi, tsayin ciyawa da santsin dandalin da ke kewaye da rami, duk suna hannun wanda ya zana filin da wanda ya shirya shi domin gasa. Saboda haka babban abokin karawar ɗan wasa shi ne filin. Wanda fili ya kayar, da wuya ya yabe shi a ranar.

Tarihi ya nuna cewa hukuncin da 'yan wasa ke yanke wa fili cikin fushi ba ya yawan daɗewa. Babu misalin da ya fi tsohon filin St Andrews na Sikotland, wanda a yau ake ɗauka a matsayin mahaifar wasan. Fili ne shimfiɗaɗɗe a bakin teku, mai ramukan yashi 112, da yawansu ba a hango su daga inda ake fara bugu, ga iska mai sauya alkibla, ga ƙasa mai tauri da ke tura ƙwallo inda ta ga dama. A 1921 Bobby Jones, matashin Ba'amurke mai shekara 19, ya je gasar British Open a can. A zagaye na uku ya maƙale a ramin yashi a rami na 11, ransa ya ɓaci, ya ɗauke ƙwallonsa ya fita daga gasar. Shekara shida bayan haka, a 1927, ya dawo ya ci kofin a wannan fili. Ya koma yana cikin masu tsananin ƙaunar wurin, har garin ya karrama shi da shaidar zama ɗan gari a 1958. Da ya zo gina filin Augusta National tare da Alister MacKenzie, daga St Andrews suka ɗauko tunaninsu da dama. Haka shi ma Sam Snead, da ya hango filin ta tagar jirgin ƙasa a 1946, ya zaci wani tsohon fili ne da aka yi watsi da shi. A wannan makon ya ci gasar.

Irin haka ta faru da TPC Sawgrass a jihar Florida. Shugaban hukumar PGA Tour na lokacin, Deane Beman, ya sayi fadama mai faɗin eka 415 a kan dala ɗaya, ya ba Pete Dye aikin mayar da ita filin gasa. Da aka kwashe yashi mai yawa a wajen rami na 17, sai matar Dye, Alice, ta ba da shawarar a cika wurin da ruwa, aka bar dandalin ramin kamar tsibiri. Lokacin da aka fara buga gasar Players a can a 1982, manyan 'yan wasa sun yi ca. J.C. Snead ya ce an lalata fadama mai kyau. Jack Nicklaus ya ce shi bai taɓa ƙwarewa ba wajen tsayar da ƙwallo a kan murfin injin mota. Jerry Pate da ya ci gasar ya tura Dye da Beman cikin tafki, shi ma ya bi su. A yau wannan rami na 17 yana cikin ramukan da aka fi sani a duniya, dubban 'yan kallo ne ke kewaye shi, kuma kuɗin gasar ya kai dala miliyan 25 a 2023. Har yanzu akwai masu cewa ramin ya fi kama da wasan kwaikwayo, tun da iska kaɗan na iya jefa ƙwallon gwani a ruwa, amma babu mai maganar a cike tafkin.

Ba wuya a gane abin da ke sa ƙwararru ƙorafi. Golf sana'arsu ce, bugu ɗaya na iya zama bambancin dubban ɗaruruwan daloli, kuma wanda bai tsallake zagaye biyun farko ba yakan koma gida hannu rabbana bayan ya kashe kuɗin jirgi da masauki da mai ɗaukar masa jakar sanduna. Mutumin da ke cikin wannan hali yana son fili mai gaskiya da gaskiya, wanda komai ke bayyane, inda ƙwallo ke tsayawa a inda aka jefa ta. Duk filin da ya ɓoye masa rami a bayan tudu, ko ya tilasta masa gangara ƙwallo a ƙasa maimakon ɗaga ta sama, zai ga kamar an yi masa maƙarƙashiya. Wannan ƙorafi ne da za a iya fahimta, amma bai isa ya zama dalilin sauya zanen fili ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. A 1974, bayan da filin Winged Foot ya wahalar da kowa har Hale Irwin ya ci gasar US Open da bugu bakwai sama da ƙa'ida, Sandy Tatum na hukumar golf ta Amurka, USGA, ya amsa wa masu suka da cewa manufarsu ita ce gano gwanayen duniya, ba kunyata su ba. Maganarsa tana nan daram.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma zai zama rashin adalci a ɗauki duk ƙorafin 'yan wasa a matsayin kukan wanda aka kayar. A 2004, a filin Shinnecock Hills na jihar New York, hukumar USGA ta bar dandalin ramuka ya bushe ƙamas, ga kuma iska. A ranar ƙarshe, dandalin rami na bakwai ya yi santsin da ƙwallo ba ta iya tsayawa a kansa, har sai da aka riƙa dakatar da wasa ana yayyafa masa ruwa tsakanin rukunin 'yan wasa. Ke nan wanda ya iso bayan an zuba ruwa da wanda ya iso bayan ya sake bushewa ba rami ɗaya suka buga ba. A ranar babu ko mutum ɗaya da ya yi ƙasa da ƙa'idar bugu, kuma 'yan wasa 28 sun yi bugu 80 ko fiye. Da aka koma filin a 2018, sai aka sake kwatawa a rana ta uku, inda Phil Mickelson ya bi ƙwallonsa da gudu a rami na 13 ya buge ta tana cikin gangarawa, abin da doka ta hana. Laifinsa a fili yake, kuma an hukunta shi da ƙarin bugu biyu, amma shugabannin hukumar ma sun fito sun amsa cewa sun wuce gona da iri wajen shirya filin. Abin lura shi ne babu mai shakkar cewa Shinnecock Hills yana cikin filaye mafi kyawun zane a Amurka. Masu shirya shi ne suka ɓata shi a waɗannan ranaku.

Idan aka dawo Chambers Bay da wannan ido, za a ga ƙorafi iri biyu ne aka cakuɗa. Na farko ya shafi kamannin wurin: tsohuwar mahaƙar yashi da tsakuwa ce da Robert Trent Jones ƙarami ya zana, aka buɗe a 2007, bishiya ɗaya tal a cikinta, ga manyan tuddai, ga ciyawa mai launin ƙasa. Wannan ra'ayi ne, kowa da nasa. Na biyu ya shafi dandalin ramuka, inda wata ciyawa ta daban ta kutsa cikin wadda aka shuka, kowace na tsiro da saurinta, har ƙwallo ke tsalle tana kauce wa hanya. Wannan lahani ne na gaske, kuma masu filin, wato gundumar Pierce da ta gina shi da kuɗin jama'a, sun amince da haka a aikace, domin a 2018 sun rufe shi sun ɗaye ciyawar dandalin ramukan sun shimfiɗa wata, suka sake buɗewa a 2019. Shi ma Pete Dye, bayan hayaniyar 1982, ya rage gangaren dandalin ramukan Sawgrass, amma ya bar tsibirinsa yadda yake.

Ma'aunin da ya kamata a yi amfani da shi ke nan mai sauƙi ne. Idan bugu mai kyau yana samun sakamako mai kyau a mafi yawan lokaci, kuma wanda ya fita da safe da wanda ya fita da yamma sun fuskanci jarrabawa kusan iri ɗaya, to filin ya yi adalci, komai wahalarsa kuma komai baƙuntar kamanninsa. Idan kuwa an kai matsayin da gwani da ɗan koyo za su yi bugu daban amma ƙwallayensu su gangara wuri guda, to an daina gwada ƙwarewa, an koma caca.

Akwai kuma wani ƙorafin da ya kamata a yi watsi da shi baki ɗaya, wato na launi. Talabijin ta sa mutane sun saba da koren Augusta, har suna ganin duk filin da ya yi ja-ja an yi sakaci da shi. A shirin gasar US Open ta 2014, masu filin Pinehurst na biyu a jihar North Carolina sun tuge ciyawar gefen hanyoyi suka mayar da wurin yashi da ciyayin daji kamar yadda yake a da. An soki kamanninsa, amma ruwan da filin ke sha ya ragu da fiye da rabi, kuma an ci gaba da kai masa manyan gasa. Wannan darasi ya shafi tsofaffin filayen Arewacin Najeriya, inda aka daɗe ana amfani da yashi da aka cakuɗa da mai a kewayen rami maimakon ciyawa, kuma ake yawan yi musu kallon na baya idan aka kwatanta su da koren filin IBB na Abuja. A yankin da ruwan sha ke wahalar samu a lokacin rani, kashe kuɗi da ruwa domin kawai fili ya yi kama da na talabijin abu ne da ke buƙatar a yi tunani sau biyu kafin a shiga.

Don haka hukumomin da ke shirya gasa, musamman USGA da takwararta R&A ta Birtaniya, ya kamata su bambance tsakanin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Idan 'yan wasa suka ce ciyawa ta mutu, ko an sa rami a kan gangaren da ƙwallo ba za ta tsaya ba, to a saurare su tun kafin a fara gasa, domin su ne ke taka wurin, kuma su ne za su yi asara. Idan kuwa kukansu shi ne filin bai yi kama da wanda suka saba ba, to a ba su haƙuri, a bar filin yadda yake. Masu filaye su ma su guji saurin kawo motocin tono duk lokacin da wani tauraro ya yi magana cikin fushi bayan ya yi bugu 78, domin kuɗin gyaran kan ƙare ne a kan talakan ɗan wasa da ke biyan kuɗin shiga, ko a kan mai biyan haraji idan filin na gwamnati ne.

'Yan wasan su ma akwai nasu. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Da hukumar St Andrews ta bi ra'ayin Bobby Jones na 1921 ta cike ramin yashin da ya maƙale a ciki, da shi kansa ne zai fi kowa baƙin ciki a 1958. Wasan da kowane filinsa ya zama iri ɗaya domin kada ran kowa ya ɓaci zai rasa abin da ke sa mutum ya tsallaka teku domin ya buga ramuka 18, kuma zai rasa hanyar gane wanda ya fi iya sarrafa ƙwallo a yanayin da bai saba ba.