Wasan Aurion: Maƙwabtanmu Sun Yi, Mu Muna Ta Raini

Yau magana ce da ni a kan abin da manyanmu ke kira shiririta, wato wasan bidiyo. Na san wasu za su ce ɗan Alhaji ya rasa aikin yi. To, a yi haƙuri a karanta tukuna.

A watan Afrilun 2016 wani kamfani mai suna Kiro'o Games da ke Yawunde, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Aurion: Legacy of the Kori-Odan. Ba Amurka ba, ba Japan ba, Kamaru, ƙasar da muke kai wa kaya kullum, wadda Mubi ma sai a 1961 aka yi ƙuri'a ta rabu da ita ta shigo Najeriya. Samarin sun yi aikin cikin ɗaukewar wuta irin wadda muka sani, kuma a 2015 sai da suka nemi gudummawar jama'a ta intanet kafin su kammala.

Labarin shi ne ƙarfin wasan. Enzo yariman garin Zama ne. Ranar naɗinsa kuma ranar aurensa da Erine, sai ɗan'uwan amaryar, Ngarba, ya yi masa juyin mulki ya kore su. Kai ne za ka riƙe Enzo, ka bi ƙasashe kana faɗa kana neman magoya baya, matarka na taimaka maka da warkarwa a tsakiyar yaƙi. Duk wanda ya bar shagonsa a buɗe ya gudu Yola ko Kamaru a watan Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka shigo garin nan, ba sai an fassara masa zafin korar mutum daga gidansa ba. Ga tufafi da zane da kiɗa duk na Afirka, baƙin mutum ne gwarzo, ba ɗan rakiya ba.

Amma ba zan yi masa kara ba. Faɗan yana da wuyar koyo, wuraren tsalle-tsallen kuma suna cin rai. Surutun ya yi yawa, ga Turancin da aka juyo daga Faransanci yana tuntuɓe. Babban aibinsa kuwa na kasuwa ne. An fitar da shi da harsunan Turawa, don mai kwamfuta, a kantin Steam. Yaron da ke Mubi waya ce a hannunsa. Ko ɗan koyo a shagon babana ya san ba a kasa haja inda mai saye ba ya bi.

Masu cewa ai ƙarfin Enzo daga kakanninsa yake zuwa, don haka wasan bai dace ba, ina girmama damuwarsu. Sai dai ƙagaggen labari ne, kamar yadda babu wanda ya taɓa gaskata cewa Gizo na magana. Idan nasu bai yi mana ba, ina namu? Muna da Bayajidda da rijiyar Kusugu a Daura, muna da Sarauniya Amina ta Zazzau, muna da fataken goro da suka riƙa tafiya Gwanja a ƙafa, kakannin irinmu masu zaman baƙunta. Wanne ne bai isa wasa ba?

Laifin namu ne. Ƙannenmu na zuba kuɗi a shagunan gem suna buga ƙwallon Turawa har dare, mu kuwa iyakarmu zagi. Ga Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a cikin garin nan, ga yara masu karatun kwamfuta, amma attajirinmu gara ya ƙara tirelar shanu da ya sa sisi a kansu. Haka aka raina finafinan Kano da farko, yau ga shi dubbai na ci daga gare su.

Idan muka ci gaba da raini, wata rana wani zai sayar wa 'ya'yanmu labarin Amina da harshensa, mu biya. Allah Ya ganar da mu. Wassalam.