Wa Ya Taɓa Auna Zuciyar Ɗan Kwari?

A 1966 wani masani Ba'amurke, Robert LeVine, ya wallafa wani bincike a kanmu 'yan Najeriya. Ya bi makarantun sakandare na Najeriya ya tattara mafarkan samarin Ibo da Yarbawa da Hausawa, ya auna su da ma'aunin David McClelland na Jami'ar Harvard, mai cewa arzikin al'umma yana bin yawan masu zafin neman nasara a cikinta. Ibo suka zo kan gaba, Hausawa a ƙarshe. Ya ɗora laifin a kan barantaka, wai a wurinmu biyayya ga ubangida ce ke ɗaukaka mutum.

Ni dai ban gamsu ba. A Arewar wancan lokacin, su wa ke sakandare? Galibi yaran da ake shiryawa aikin En'e da na gwamnati. Ɗan fatake yana kan hanyar goro, ko yana zangon shanu a Ibadan. Kuma shekara 11 kacal ke nan da rasuwar Alhassan Ɗantata, wanda ake cewa ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma a zamaninsa.

Shi kuwa Michael Frese, Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, wajen 'yan kasuwar kansu ya nufa. Shi da masu bincike na Bankin Duniya sun raba ƙananan 'yan kasuwa 1,500 na Lome, a Togo, kashi uku. Aka koya wa kashi ɗaya lissafi da dabarun talla, aka horar da na biyu a kan motsawa tun ba a tura mutum ba da jure faɗuwa, aka bar na uku kawai. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2017 ya nuna ribar kashi na biyu ta ƙaru da 30 cikin 100. Ta na farkon 11 ce. Ashe halin nan koyarsa ake yi.

To, ina namu binciken? Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote tana Jami'ar Bayero, kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau suna gari ɗaya da ita. Ga abin da malami zai yi shekara 30 yana tonawa: yara biyu maigida ya sallama da jari ɗaya, me ya sa ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, ɗaya ya koma yaron shago? Yaya tawakkali ke aiki a zuciyar wanda gobara ta cinye wa rumfa? Matar da ke juya kuɗin adashe daga cikin gida, wane lissafi take yi kafin ta ba da bashi?