In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

'Yan uwa ɗalibai, da wani zai gaya mana cewa akwai ƙasar da ƙato mai gemu zai sai da ransa domin ya saci katin wasan yara, da mun ce tatsuniya yake yi. To, ga shi ya faru. A watan Maris na 2021, a birnin Tokyo na Japan, wani mutum ya ɗaura igiya a saman bene mai hawa shida, ya zuro kansa cikin wani kanti, ya kwashi katunan Pokémon da na Yu-Gi-Oh. A watan Fabrairu na 2022 kuwa, a garin Forest Lake cikin jihar Minnesota ta Amurka, ɓarawo ya huda bango daga shagon maƙwabta, ya yi awon gaba da kayan Pokémon na kimanin dala 250,000.

Mene ne wannan kati da ake fasa bango dominsa? Ɗan guntun kwali ne da bai cika tafin hannu ba, an zana masa wata dabbar almara. A Japan aka fara buga shi a 1996, domin yara su yi wasa, su yi musaya tsakaninsu.

Bari mu faɗa tun da wuri, kada a yi mana mummunar fahimta: sata sata ce, ba mu da wani suna da za mu ba ta. Wanda ake fasa wa shago sau da yawa ƙaramin ɗan kasuwa ne da ya yi shekaru yana tara jarinsa, ya kwana da dukiya ya tashi da ramin bango. Muna tare da shi, kuma muna son hukuma ta bi masa hakkinsa.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya sa wa kwali wannan wari? A 2021 wani tauraron intanet, Logan Paul, ya sayi kati guda na Pikachu a kan dala 5,275,000, daga baya ya rataya shi a wuya ya shiga filin kokawa da shi. A 2022 an yi gwanjon katin ɗan wasan Amurka Mickey Mantle, bugun 1952, a kan dala miliyan 12.6. Akwai kamfanoni irin su PSA da aikinsu shi ne su duba kati, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba. Daga ranar nan ya daina zama abin wasa, ya koma kadara. Yanzu ga abu mara nauyi, mai shiga aljihu, wanda mafi yawansa ba shi da lambar da za a bi sawunsa, ga masu saye birjik a intanet ba mai tambayar daga ina ya fito. Ashe ɓarawon zaune ya fi na tsaye yawa.

Sa'an nan a dubi yadda ake sayar da shi. Katunan suna zuwa a ƙunshe cikin leda, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya yage. Kamfani ne da kansa yake yanke wane kati zai yi yawa, wane zai yi wuyar samu, alhali kuwa yana buga biliyoyi a shekara. Watau ƙarancin ma ƙirƙirarsa aka yi. Idan wannan ba ƙanin caca ba ne, a gaya mana sunansa.

Sakamakon bai ɓuya ba. A watan Mayu na 2021 kantunan Target na Amurka sun dakatar da sayar da waɗannan katuna a cikin shagunansu, bayan da aka far wa wani mutum a wurin ajiye motoci a jihar Wisconsin saboda katunan wasanni, har ya zare bindiga. A 2022 kotu ta ɗaure wani a jihar Jojiya shekara uku, don ya karɓi rancen tallafin annobar korona da ƙarya, ya sayi katin Charizard na sama da dala 57,000. Yaron da aka yi abin dominsa fa? Ya zo da 'yan kuɗinsa, ya tarar 'yan baranda sun kwashe kaya tun da asuba, sun ninka farashi. Wannan satar ba ta da ramin bango, shi ya sa ba a kai ta gaban alƙali.

Don haka muna cewa: a kama mai igiya, a kama mai guduma, amma kada a tsaya nan. A tilasta wa kasuwannin intanet su san mai sayarwa da asalin kayansa. A ƙayyade yawan abin da mutum guda zai saya. Kamfani kuma ya bayyana wa mai saye, dalla-dalla, mece ce damarsa ta samun kati mai tsada.

Mu kuwa da muke shirin riƙe ofisoshi gobe, mu yi karatun ta-natsu. Tsarin jari-hujjan da ya iya mai da kwali zinariya zai iya yi wa komai haka, kuma kullum mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya yake nema. Duk wanda ya zo mana da abin da ba a ci, ba a sha, ba a aiki da shi, yana rantsuwa gobe kuɗinsa zai ninka, mu tambaye shi: daga aljihun wa?